Sharar Gida: Wace Hanya Ta Dace da Sabon Birni da Isa?

Kowane gida yana fitar da shara kullum. Da safe mata suna share tsakar gida. Ana kwashe toka daga murhu. Ana share turken awaki da akurkin kaji. Sai a tara a kwando ko a tsohon daro, a ba yaro ya kai juji. Daga nan mai gida yana ganin ya rabu da ita.

Amma sharar tana nan. Tana taruwa a bakin hanya, a bayan kasuwa, a cikin magudanar ruwa. Iska tana mayar da ledarta cikin gidaje. Ƙudaje suna tashi daga kanta su sauka a kan abinci. Saboda haka ya kamata jama'a su san wanda ke da alhakin kwashe ta, da hanyoyin da ake bi, da wadda ta fi dacewa da gari irin Sabon Birni ko Isa.

AIKIN WA NE?

Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi a jadawali na huɗu. A ciki akwai kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka. Akwai gina banɗakunan jama'a, da kula da ƙazantar gari, da kwashe shara. Akwai kuma ba da lasisin amalanke da baro da keke.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Sakkwato tana da 23. Sabon Birni da Isa suna cikinsu. Kowace tana da sashen lafiya, kuma a nan ne ma'aikatan duba-gari suke. Aikin duba-gari tsoho ne, tun zamanin Turawa. Dattawa suna tuna yadda ake share gida a wanke randa idan an ji zai shigo unguwa.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Kuɗin ƙaramar hukuma kuɗin jama'a ne. Don haka talaka yana da damar ya tambayi kansilansa abin da aka ware wa tsaftar gari.

ME YA SA SHARA TA YI YAWA?

Dalili na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Sabon Birni tana da mutum sama da 200,000. Isa tana da kusan 150,000. Tun daga lokacin jama'a sun ƙaru sosai.

Dalili na biyu shi ne rashin tsaro. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori mutane da yawa daga ƙauyukansu. Wasu sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maradi a Nijar. Wasu sun shigo manyan garuruwa suna zaune da 'yan uwa. Gidan da ke da mutum goma ya koma mai mutum ashirin. Shara ta ninka, fili bai ƙaru ba.

Dalili na uku shi ne irin sharar ta sauya. A da ana ƙunshe kaya da ganye, ana zuwa cefane da ƙwarya ko kwando. Duk abin da aka zubar yana ruɓewa ya koma ƙasa. Yanzu akwai baƙar leda, da ledar ruwa, da robar lemo, da batir. Waɗannan ba sa ruɓewa. Leda takan yi shekaru masu yawa a ƙasa tana nan yadda take.

Wani rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka irin namu, mutum ɗaya yana fitar da shara kusan rabin kilo a rana. Ga lissafi mai sauƙi. Gida mai mutum 10 zai fitar da kilo 5. Unguwanni masu gida 1,000 za su fitar da kilo 5,000, wato tan 5, a rana ɗaya. Idan aka yi wata ba a kwashe ba, an tara tan 150.

ILLAR JUJI A CIKIN GARI

Juji yana tara ƙudaje da ɓeraye. Yara sukan yi ba-haya a kansa. Idan ruwan sama ya sauka, sai ya wanke ƙazantar zuwa rijiya ko kududdufi. Ta haka cutar amai da gudawa take yaɗuwa. A 2021 wannan cuta ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen tulu suna riƙe ruwa da damina. Sauro yana hayayyafa a ruwan da ya kwanta.

Leda tana toshe magudanar ruwa. Sabon Birni da Isa garuruwa ne na bakin gulbi, a kwarin Rima. Ƙasar fadama ba ta da wuyar cika. Idan magudana ta toshe, ruwa yakan koma cikin unguwa ya jiƙa gindin katanga, ginin ƙasa ya faɗi. Mutanen wannan yanki ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gidaje da gonaki a Goronyo da wasu garuruwan bakin Gulbin Rima. Shara ba ita ke kawo irin wannan ambaliya ba, amma tana ƙara ɓarna idan ruwa ya rasa hanyar fita.

Dabbobi ma suna cutuwa. Akuya ko tunkiya takan ci leda saboda ɗanɗanon gishiri ko mai da ke jiki. Ledar tana dunƙulewa a tumbi. Dabbar ta daina cin abinci sosai, ta rame, wani lokaci ta mutu. Mahauta sun san wannan, domin suna ganin ledar idan sun fede dabba.

Akwai hanyoyi huɗu da ƙaramar hukuma za ta iya bi. Kowace tana da amfaninta da wahalarta.

HANYA TA FARKO: MOTAR HUKUMA

Ƙaramar hukuma ta sayi tifa ko tarakta mai jan tirela. Ta ɗauki direba da leburori. Ta ware wuraren da jama'a za su riƙa zuba shara. Motar ta riƙa zagayawa tana kwashewa.

Wannan ita ce hanyar manyan birane. Kano tana da hukumar REMASAB. Legas tana da LAWMA. Sakkwato tana da SEPA. Motocin irin waɗannan hukumomi sun fi aiki a babban birnin jiha.

Amfanin mota shi ne tana ɗaukar kaya da yawa a sawu ɗaya. Ita ce ke iya kawar da tsohon juji da ya yi tudu. Wahalarta kuwa tsada. Tana shan mai kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri da na kayan gyara ya hau. Idan ƙarfe ɗaya ya lalace, sai an je Sakkwato ko Kano nemansa. Motar takan yi watanni a ajiye. Ba ta kuma shiga lungu. Ranar da ta tsaya, aikin duka ya tsaya.

HANYA TA BIYU: ƊAN KWANGILA

Ƙaramar hukuma ta ba wani kamfani ko ɗan kasuwa aikin. Shi zai kawo motarsa da ma'aikatansa. Ko hukuma ta biya shi, ko gidaje su biya shi a wata. A Legas haka ake yi. An raba unguwanni ga kamfanoni, kowane gida yana biyan kuɗin shara.

Amfanin wannan hanya shi ne hukuma ba ta ɗaukar nauyin gyaran mota. Wahalarta ita ce ɗan kwangila riba yake nema. Yana son unguwar masu hali da bakin titi. Unguwar talakawa da ƙauye ba sa burge shi. Idan hukuma ta yi jinkirin biya, sai ya janye. Wani kuma yakan kwashe daga nan ya zubar a bayan gari, kusa da gonar mutane.

Idan za a bi wannan hanya, sai an rubuta yarjejeniya. A faɗi unguwannin da zai bi, da ranakun zuwa, da inda zai zubar. A karanta wa jama'a ita. Kada a biya shi sai mai unguwa da duba-gari sun shaida ya yi aikin.

HANYA TA UKU: AMALANKE DA ƘUNGIYAR UNGUWA

Matasa ko mata su kafa ƙungiya. Su samu amalanken jaki ko na shanu, da baro, da shebur, da manjagara. Su riƙa bi gida-gida sau biyu ko uku a mako. Kowane gida ya ba da ɗan abin da aka yi ittifaƙi a kai a wata.

An gwada wannan a Bamako ta ƙasar Mali da Wagadugu ta Burkina Faso tun farkon shekarun 1990. Ƙungiyoyin matasa da na mata ne suka riƙa kwasar shara da amalanken jaki, gidaje suna biyansu. Ƙasashen nan yanayinsu irin na Gobir ne: zafi, da yashi, da lunguna, da ƙarancin kuɗi.

A Sabon Birni da Isa kayan aikin suna nan. Akwai jakuna da shanun noma. Akwai masu walda da ke ƙera amalanke su kuma gyara ta. Amalanke ba ta shan mai, tana shiga lungu. Da rani, lokacin da aikin gona ya ragu, matasa suna samun abin yi a gida.

Ga misali. A ce gida 200 sun yarda kowanne ya ba da Naira 500 a wata. An tara Naira 100,000. Daga ciki za a biya masu aiki, a sayi abincin dabba, a ajiye wani abu don gyara. Wannan misali ne kawai. Kowace unguwa ita za ta yanke nata gwargwadon ƙarfinta. Ya kamata a ɗauke wa marayu da gajiyayyu da 'yan gudun hijira.

Wahalar wannan hanya biyu ce. Ta farko, wasu gidaje ba sa biya. Maganin wannan shi ne rasit, da littafin lissafi, da karanta lissafin a gaban jama'a. Ta biyu, amalanke ba ta tafiya mai nisa. A biranen da aka ambata, inda hukuma ta kasa kwashe wurin tarawa, sai ya koma sabon juji. Don haka dole hukuma ta ware fili kusa, ta kuma kula da shi.

HANYA TA HUƊU: RANAR TSAFTAR GARI

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. A 1985 aka sa tsaftar muhalli a ciki. Daga nan aka saba da fitowa shara ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Aikin gayya irin wannan ba ya cin kuɗi da yawa. Yana da kyau wajen yashe magudanar ruwa kafin damina, a watan Mayu. Amma shara kullum take fita, ba sau ɗaya a wata ba. Sau da yawa kuma akan yashe magudana a tara a gefe. Ba wanda ya kwashe. Ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Ranar tsafta taimako ce ga sauran hanyoyin, ba ta isa ita kaɗai.

A RABA SHARA TUN DAGA GIDA

Kowace hanya aka bi, aikin yana sauƙi idan an raba shara tun daga tsakar gida. A raba ta kashi huɗu.

1. Mai ruɓewa. Toka, kashin dabbobi, ganye, ƙaiƙayi, ɓawon albasa da na gyaɗa, ragowar abinci, da ƙasar da tsintsiya ta kwaso. A garuruwan karkara wannan shi ne mafi yawa. Shi ne taki.

2. Mai kuɗi. Ƙarfe, alminiyam, tsofaffin takalman roba, fasasshen bokiti, kwalba, robar lemo.

3. Leda da tsumma.

4. Mai guba. Batir, kwalbar maganin feshi, ragowar magani, allura, reza.

TAKI

Manoman Hausa sun daɗe da sanin darajar juji. A kewayen birnin Kano, tun shekaru masu yawa, jakuna suna kai itace cikin birni, su komo da taki a mangala. Wannan taki yana cikin abin da ya sa gonakin wajen suke ba da amfani kowace shekara ba tare da hutu ba.

Ƙasar jigawa ta Gobir yashi ce. Ba ta riƙe ruwa sosai. Takin gargajiya yana sa ta riƙe laima, gero da dawa su yi kyau. Masu albasa da shinkafa a fadama ma suna bukatarsa. Ga kuma takin zamani ya yi tsada.

Abin da ke ɓata takin juji yanzu shi ne leda da kwalba. Leda tana hana saiwa shiga ƙasa. Kwalba tana yanke ƙafar manomi. Idan an raba tun daga gida, takin zai fito tsaf, a saye shi da daraja.

Ga yadda ake haɗa shi. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwa. A shimfiɗa kara ko busasshen ganye a ƙasa. A zuba shara mai ruɓewa, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka. A yayyafa ruwa ya yi laima, kada ya yi caɓi. A ci gaba da jerawa haka har ramin ya cika, a rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu ko uku. Cikinsa zai yi zafi. Zafin nan yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da irin ciyawa. Bayan kamar wata uku zai yi baƙi, ya daina wari. Ƙungiyar amalanke za ta iya sayar da shi ta ƙara kuɗin shiga.

KAYAN SAYARWA

'Yan gwangwan, waɗanda ake kira 'yan jari-bola, suna saye a kan sikeli. Suna tarawa su loda a mota zuwa manyan birane kamar Kano, inda masana'antu ke narkar da roba su yi sabbin takalma da bokitai. Maƙera suna narkar da alminiyam su zuba tukwane da ludaya. Masu man gyaɗa da manja suna sayen kwalba mai tsabta.

Waɗannan mutane suna rage wa hukuma aiki ba tare da ta biya su ba. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta yi musu rajista, ta ba su kati, ta ware musu fili. Rajista tana raba mai sana'a da ɓarawon da ke fakewa da sana'ar. A kuma hana sa ƙananan yara tonon juji.

LEDA DA KAYAN GUBA

Leda ita ce mai wuya. Ƙona ta a tsakar gida yana fitar da hayaƙi mai cutar da ƙirji, musamman ga jarirai da masu asma. Da hunturu kuma wutar takan kama danga ko rumbu. A tara ta a buhu, a ɗaure, a ba mai amalanke.

Wasu ƙasashe sun hana leda da doka. Ruwanda ta yi haka a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ma ta yi dokarta a 2014, amma leda ba ta ɓace daga kasuwanninta ba. Wannan ya nuna doka kaɗai ba ta isa. Mai zuwa cefane da kwando ko jakar buhu ya rage leda tun daga tushe.

Batirin mota da na babur da na sola yana da dalma a ciki. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Irin wannan guba ce ke cikin batir. Kada a fasa shi a gida. Kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayarwa.

Kwalbar maganin feshi kuwa, kada a zuba ruwan sha ko mai a cikinta ko an wanke. A ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin injin feshi, a huda ta, a ajiye daban. Allura da reza a sa su a gwangwani mai murfi, a nemi shawarar ma'aikacin asibiti.

INA ZA A KAI SAURAN?

Abin da ba taki ba, ba kuma na sayarwa ba, sai a binne shi. Zaɓen fili aikin hukuma ne tare da uban ƙasa da hakimi. Kada filin ya zama a fadama ko a bakin gulbi, domin ruwan ƙasa yana kusa a can. A nemi tudu. Ko ƙaramin ramin gida ma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Ramin gari kuwa ya fi haka nisa sosai. A kewaye shi don dabbobi da yara. Duk ranar da aka zuba, a rufe da ƙasa.

A wannan yanki akwai wani sharaɗi kuma. Kada filin ya yi nisan da zai jefa masu aiki cikin haɗari. Ƙananan filaye biyu ko uku a gefen gari sun fi babba ɗaya a cikin daji.

WACE TA DACE?

Hausawa suna cewa daidai ruwa daidai tsaki. Garin da ba shi da kuɗin Legas kada ya ɗauko tsarin Legas. Abin da ya fi dacewa da Sabon Birni da Isa shi ne a haɗa hanyoyin, kowa ya ɗauki gefensa.

Gida ya raba shara. Ƙungiyar unguwa ta kwashe da amalanke. Manomi ya sayi taki. Ɗan gwangwan ya sayi ƙarfe da roba. Ƙaramar hukuma ta ba da fili da kayan aiki, ta yi doka, ta tura duba-gari. Idan tana da mota, ta riƙa aiki da ita a kasuwa da tasha da tsofaffin jujaye. Idan ba ta da ita, ta yi haya sau ɗaya ko biyu a shekara. Ta haka ko mota ta lalace, aikin ba ya tsayawa.

Garuruwa kamar Gatawa, Unguwar Lalle, Tsamaye, Kurawa, Turba da Bargaja ba sai sun jira hedkwata ba. Amalanke ɗaya da rami ɗaya da mutum biyar masu amana sun isa a fara.

ABIN DA ZA A TAMBAYI KANSILA

Idan kansila ya zo mazaɓa, ga tambayoyi biyar da jama'a za su yi masa:

1. Nawa aka ware wa tsaftar gari a kasafin bana?

2. Ina filin da aka ware wa wannan unguwa don zubar da shara?

3. Wane duba-gari ne ke kula da mazaɓar nan, kuma yaushe yake zuwa?

4. Idan matasa sun kafa ƙungiya, hukuma za ta ba su amalanke da baro da safar hannu?

5. Yaushe za a yashe magudanar ruwa, kuma wa zai kwashe abin da aka fitar?

A rubuta amsoshin a littafi, a sa kwanan wata. Bayan wata uku a sake tambaya. Ana kira ga masu unguwanni da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata da matasa su zauna a kan wannan magana tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka. Rigakafi ya fi magani.